Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Gidajen Rediyon Arewa: A Buɗe Ɗakin Faya-fayen Nan

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ni ba ɗan jarida ba ne, ban kuma taɓa zama a gaban makirufo ba. Mai sayar da kaset ne ni a da, a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Da yaron shago na fara a wurin kawuna, ina kaɗe ƙura ina jera kwalaye, da na kama nawa shagon kuma na yi shekara 20 da ɗoriya a ciki. Da kaset ya mutu na koma faifan CD, da CD ya bi shi na sayi kwamfuta na shiga sahun masu tura waƙa a memori. Yau caja da gilashin waya nake sayarwa. Duk rigar da waƙar Hausa ta tuɓe ta sake cikin shekara 40 ɗin nan, a kan idona ta yi. Da wannan 'yar shaidar nake roƙon ku ara mini kunnuwanku, yadda muka daɗe muna ara muku namu.

Bayan babbar sallar da ta wuce wani dattijo ya zo shagona, jikansa na riƙe da hannunsa don idon ya yi rauni. Tsohon direban babbar mota ne, irin waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a hanyar Kano zuwa Ikko. Ya ce an gaya masa ni ne mai tsofaffin waƙoƙi. Wai a shekarun 1970 wani mai kukuma ya yi wa direbobin tasharsu waƙa, aka ɗauke ta a gidan rediyo, aka yi ta sa ta a filin zaɓe, kuma a ɗa na uku an ambaci sunansa da na yaron motarsa. Ba abin da yake so illa ya ƙara jin ta sau ɗaya, yaron nan ma ya ji, ya yarda kakansa ya taɓa zama wani. Ya rera mini gindin waƙar da muryar da ta gaji. Na san karin, na san makaɗin, amma ba ni da ita. Na zazzage kwalayena kaf, na buga wa abokan sana'a na Kaduna da Zariya da Gusau, babu.

Sai na tuna da wani abokina da ke aiki a ɗaya daga cikin gidajenku. Ba zan faɗi gidan ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Mun yi kusan awa guda ana neman wanda makullin ɗakin ajiyar faya-fayensu ke hannunsa. Da aka buɗe, warin fumfuna ne ya fara yi mana maraba. Kantoci har rufi, cike da tef irin na da mai naɗi a faranti, wanda ma'aikatanku ke ce wa ril. Waɗansu na cikin kwalayensu, waɗansu an zuba su a buhu an jingine da bango, daidai inda rufin ke yoyo da damina. Gara ta cinye takardun da ke manne a jiki. Na ɗauki ɗaya, abin da ya rage na rubutun rabin sunan gari ne da shekara, 1968. Na ja bakin zaren a hankali, ya manne da ɗan'uwansa kamar alewar da rana ta narkar. Na ce wa abokina, to a ɗora mu ji mana. Ya yi dariya. Na'urar da ke juya su ta tsaya tun kafin a ɗauke shi aiki, injiniyan da ya san kanta kuma ya yi ritaya ya koma garinsu. Na fito jikina a sanyaye kamar wanda ya dawo daga rakiyar gawa.

Ranku ya daɗe, abin da ke ruɓewa a ɗakin nan shi ne asalin waƙar zamani ta Hausa, kuma gidajenku ne suka yanke mata cibiya. Kafin akwatin rediyo, waƙa ba ta wuce inda ƙafar makaɗi ta kai. Kowane kiɗa da masu shi: kotso da taushi na fada, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori, ƙwarya da shantu na mata a cikin gida. Makaɗin sarki na ubangidansa ne. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi na Sarkin Musulmi. Garmaho ya ɗan tsaga wannan katanga, amma mutum nawa ke da garmaho? A shekarun 1940 aka fara ja wa manyan garuruwa irin Kano rediyo ta waya, ana kafa akwati a wuraren taruwar jama'a. Da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ga kuma 'yar rediyo mai batir ta shigo ta yi araha, sai zance ya canja baki ɗaya. Muryar da aka ɗauka a Kaduna sai a ji ta a Damagaram da Agadas, a zangon Kumasi, a Garwa, har wurin 'yan'uwanmu da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka.

Abin da Turawa ke ce wa pop, wato waƙar da ba ta da ubangida ɗaya, wadda mai shayi da alƙali da amarya duk suka iya bakinta, a nan ta fara a wurinmu. Mamman Shata ya zo da kalangu, kiɗan mahauta, ya yi wa sarki waƙa da shi, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja da mai tuwo, ya yi wa gwamnati ta wayar da kai, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos ya zo da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, yana yi wa yaron mota da lebura da ma'aurata magana. Haruna Uji da gurmi daga Haɗeja, Garba Sufa da kukuma. Barmani Choge ta fitar da amada daga tsakar gida ta kai ta gaban kyamara. Su ne taurarin zamaninsu, kuma dattawan wancan lokaci sun yi wa da yawansu irin kallon da muke yi wa yaran yau. Goge da kukuma kam, kiɗan gidan magajiya ake ce musu. Masu ɗaga hanci in an ce waƙar zamani su riƙa tunawa, gargajiyar da suke kewa ita ma ta taɓa zama ta zamani, ita ma an zage ta.

Ku tuna da katin zaɓe. Mutum ya saya da kuɗinsa, ya jera sunayen waɗanda zai gaisar tun daga Malumfashi har Maraɗi, ya zaɓi waƙa, ya jefa a akwati, ya kasa kunne ranar Zaɓi Sonka. Waƙar da katuna suka fi nema ita ce ta yi tashe, ba wata na'ura da ke ƙirgawa. Mu masu kaset da wannan fili muke sanin abin da za mu buga gobe.

Tun da gaskiya na zo nema a wurinku, bari in fara faɗin tawa. Mu masu kaset ɓarayin zaune ne. Kawuna yana da rikoda da ya ajiye a gefen rediyo, yatsansa na kan jan maɓalli, da an sako sabuwar waƙa sai ya danna. Shi ya sa a tsofaffin waƙoƙin da ke yawo har yau za ka ji muryar mai gabatarwa ta faɗo a tsakiya tana gaida wani a Funtuwa. Daga wannan uwar kaset mu buga ɗari a kan TDK mai minti 60 ko 90, daga ɗarin nan wani ya buga nasa ɗarin, kowane bugu sauti na ƙara dusashewa. Ban taɓa kai wa makaɗi ko sisi ba, Allah ya yafe mana. Abin takaicin shi ne, wannan kwafin na kwafin kwafi, mai shuu kamar ana ruwa a kan kwano, shi ne mafi yawan abin da ke YouTube yau da sunan tarihinmu. Na asalin, mai tsabta, wanda za ka ji numfashin ɗan amshi a ciki, yana cikin buhu a ɗakinku.

Kogi na biyu da ya shigo waƙarmu daga Indiya ya taso. 'Yan Labanan masu gidajen silima ne suka fara kawo fina-finan tun kafin a sami mulkin kai, samarin Kano suka yi ta cika Palace da Plaza da Orion da Marhaba, daga baya talabijin ta kai wa matan kulle har ɗaka. Abdu Yaron Goge a Jos ya ɗora karin Indiya a kan goge. 'Yan Islamiyya suka ɗauka, masu mandiri irin Ushaƙu Indiya suka mayar da shi begen Annabi. Kunnen Bahaushe ya daɗe da jiƙa da wannan kari kafin a haifi yaran da ake zagi da kwaikwayon Indiya. A gefe guda kuma akwai hanyar da ba a bi ba. Marigayi Bala Miller ya kafa cikakkiyar ƙungiya mai jita da ƙahonni yana waƙa da Hausa, Funmi Adams ma ta yi waƙoƙin Hausa da yara suka haddace ta talabijin. Irin wannan ƙungiya tana da tsada, kuma jama'a sun ɗauke ta kiɗan otal. A shagona dai kaset ɗinsu na zaune tare da na Sudan da na Kwango da Bob Marley da Michael Jackson, kowanne da masu sayensa.

Sai fiyano ta zo. Fim ɗin bidiyo ya fara a Kano a 1990, kuma fim ɗin da ya sha nonon na Indiya ba ya tafiya sai da waƙa. To wa zai kaɗa? A tara makaɗa 8 a ciyar da su a sallame su, da wane kuɗin? Sai ga Yamaha, akwati guda mai ganga da sarewa da goge na ƙarya a cikinta, yaro ɗaya ya zauna a ɗaki ya haɗa komai. Situdiyo irin ta Iyan-Tama suka share hanya, kafin ka ce kwabo titin Gidan Zu ya cika da su. Amma ba araha kaɗai ta ba fiyano nasara ba, kuma wannan ne abin da ban cika jin ana faɗi ba. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, gadon da ake rainawa kuma. Wanda ya rataya kalangu maroƙi ne, ko ya fi kowa kuɗi a unguwa, ranar da ya je neman aure sai an tuna masa. Ɗan malam ko ɗan attajiri da ya gama sakandare ba zai taɓa fata da tsirkiya ba. Fiyano kuwa ba ta da dangi. Na'ura ce kamar keken ɗinki, mai danna ta mai situdiyo ake ce masa, ba makaɗi ba. Ta wannan ƙofa ɗimbin yaran da gidajensu ba su gaji kiɗa ba suka shigo waƙa, kuma riba ce babba. Asarar da ke cikinta ita ce ba su bi ta zauren tsofaffin ba. Ba su yi wa kowa amshi na shekara da shekaru ba kafin su buɗe baki, ba wanda ya harare su don sun karya kari. A 1999 Shata ya rasu, a shekarar ce kuma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujalla.

Aka raɗa wa sabuwar waƙar nanaye, daga amshin 'yan mata a dandali. Ni ban taɓa raina nanaye ba, ita ta ciyar da 'ya'yana. Ta kuma yi abin da tsofaffin ba su cika yi ba, ta sa namiji da mace suna musayar baiti a kan so, babu mai kuɗin da ake yabo a tsakani. Muryoyin Rabi Mustapha da Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar da Maryam A. Baba da Sadi Sidi Sharifai sun shiga kowane gida, ko da yake masu saye da yawa fuskar ɗan wasan da ya hau waƙar suka sani, mai muryar ko a hanya suka gamu ba za su gane shi ba. Aminu Ala kuma ya nuna cewa fiyano na iya ɗaukar baiti mai nauyi irin na marubuta.

Wayar salula ta shigo a 2001, ba a jima ba ta zo da memori da Bluetooth, a nan ne linzami ya fara suɓuce muku. Na tuna 2009, da wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11. Ba gidan rediyon da ya sa su, amma ban taɓa ganin waƙoƙin da aka yi ta tambaya a kasuwa kamarsu ba, daga wannan waya zuwa waccan, a majalisa da bakin tasha. Memori ya kai sautin Kano har cikin Sahara. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar ɗin nan da ke zagaya Turai da Amurka da jitarsa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da Auto-Tune, manhajar gyaran murya, irin na situdiyoyinmu, kuma ta wayoyin mutane suka bazu. Daga baya mawaƙi ya fito daga bayan labulen fim ya tsaya da fuskarsa: Nazifi Asnanic, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, masu fitar da albam ana layi a shagunanmu. 'Yan gambarar zamani, waɗanda Yamai ta riga mu da irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, suka taso a Kaduna da Kano da sauran birane. A 2020, ana cikin kullen korona, wata waƙar Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina don matan aure sun yi ta ɗora bidiyonsu suna taka wa mazajensu rawa da ita. Ba mai gabatarwar da ya zaɓe ta, ba katin da aka aiko. Ku ma a waya kuka gan ta kamar kowa.

Halin da ake ciki yau kun fi ni sani. Ana gina waƙa ne don daƙiƙa 30 ɗin da TikTok zai yanka, gindin waƙa ya cinye 'ya'yanta. Kiɗan ƙasan amapiano ne, daga Afirka ta Kudu ya biyo ta Legas ya iso mana. Auto-Tune ya goge wa muryoyi zane har sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Akwai masu baiwa a cikin yaran nan, wallahi akwai, wani in ya jefa maka baiti sai ka tsaya da abin da kake yi. Amma kuɗin da intanet ke ba mawaƙin Hausa ba ya riƙe gida sai ga 'yan ƙalilan, don masu sauraronsa a kyauta suka saba samu, mu muka koya musu. Saboda haka ya koma inda kakanninsa suke ci: biki da siyasa. Waƙar amarya da ango, waƙar ɗan takara. Tun 2015 kowa ya ga inda waƙar siyasa ta kai Rarara, kowane yaro kuma ya ɗauki darasi. Roƙon da aka ce an gudu shi aka dawo wa, sai dai yanzu ta lambar asusu ake yin liƙi.

Ku kuma fa? Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992, tashoshi sun yawaita har allura ba ta samun wurin hutawa. Amma lokaci ya zama na sayarwa: awa ta ɗan siyasa, awa ta mai maganin gargajiya, abin da ya rage a cike shi da waƙar da waya ta riga ta zaɓa. Yaran suna ƙorafin cewa sabuwar waƙa ba ta hawa iska sai an haɗa da na goro. Tsofaffin makaɗa kuwa an tura su can tsakar dare, ko ranar da ɗayansu ya rasu a yini ana sa shi, kamar yadda aka yi wa Barmani a 2013 da Ɗanmaraya a 2015, washegari a mayar da shi kanta.

Bari in ba ku labarin da ya sa na ce laifin ba na yaran ba ne. Ɗan ƙanwata yana da situdiyo, ɗaki ɗaya da aka liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, da kwamfutar cinya mai FL Studio, manhajar haɗa kiɗa. Wata rana na same shi yana neman sautin kalangu a intanet. Abin da ya samu gangar Yarbawa ce, an ɗauke ta tsaf-tsaf an yanka an jera don masu haɗa kiɗa, ita ya sa. Abin ya tsaya mini a rai. Na je na ɗauko wani tsohon makaɗi a unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana bin wani mawaƙi, yanzu gadi yake yi. Ya zo da kalangunsa a cikin tsohon buhun shinkafa, ya ɗan shafa fatar, ya matse tsirkiya a hammata, ya sake ta. Ɗakin ya cika. Yaron ya ɗauka, sannan ya shiga jan kowane bugu da linzamin kwamfuta yana daidaita shi da layukan da ke allo, don kada wani ya riga wani ko ya makara. Ya kunna. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ka gyara ta har ta daina magana."

Gaskiya ya faɗa. Kalangu Hausa yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshe ke yi, ɗan jinkirin nan da yaron ya ɗauka kuskure ne, a nan kalmar take. A da magana ake fara samu, kiɗa ya bi ta. Yanzu kiɗa ake fara haɗawa a tura wa mawaƙi ta WhatsApp, ya zo ya cusa kalmomi, wadda ta ƙi shiga a lanƙwasa ta, har ka rasa wuyan da ake nufi, na sa sarƙa ko ta wahala. Yaron ya mayar da bugun yadda yake, ya kwana yana gina sauran kiɗan a kansa. Da safe ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce, "Kawu, a ina zan sami irin wannan da yawa?" Na san amsar, na ga ɗakin da idona, amma na yi shiru.

Muna yawan cewa 'yan kudu sun yi mana nisa, kuma sun yi. Amma a duba abin da suka taka suka hau. Burna Boy da ya ci Grammy a 2021, kakansa na wajen uwa, Benson Idonije, ma'aikacin rediyo ne, shi ne kuma manajan Fela na farko. Asake bai ɓoye fuji, kiɗan Yarbawa, a cikin waƙarsa ba. Tsofaffin faya-fayensu an wanke su an sake bugawa, yaro na iya jin abin da aka yi a Legas shekara 50 da suka wuce kamar jiya aka ɗauka. Namu yaran muna zaginsu da kwaikwayon Indiya da Legas, to me muka ba su da za su kwaikwaya?

Na san abin da za ku ce: babu kuɗi, man janareta ma da ƙyar. Na yarda. Amma Gini ba ta fi mu kuɗi ba. Tsakanin 2008 da 2013 wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya zauna a gidan rediyon gwamnati na Konakiri ya juye dubban waƙoƙi daga irin wannan tef ɗin zuwa kwamfuta. Abin da aikin ke buƙata na'ura ce mai lafiya, da mutum mai haƙuri, da shugaban da zai ba da makulli. Kiɗan da wani Bature, David Ames, ya ɗauka a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 an buga shi a faifai a Turai, yana nan lafiya lau. Namu da muka ɗauka da hannunmu a ƙasarmu shi gara ke ci.

Don haka roƙona na farko, kuma in shi kaɗai za ku yi na gode, a ɗaga buhunan nan daga ƙasa kafin damina mai zuwa, a nemo na'ura, a fara juyewa. A kira tsofaffin ma'aikatanku da suka yi ritaya tun suna da rai, a zaunar da su da shayi, a riƙa kunna musu, su za su ce wannan wane ne, a gari kaza aka ɗauka, ranar bikin wane. In suka tafi, ko an ceci tef ɗin ya zama maraya. Jami'o'inmu ba su rasa masu taimako ba. Aikin da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi a kan makaɗa da mawaƙa ya yaye ɗalibai da yawa da za su yi wannan da murna. Kuma in ana rubuta suna, don Allah kada a tsaya kan mai waƙar. A rubuta mai kalangu da mai kuntuku da 'yan amshi da sanƙira. Mun yi shekaru muna cewa kiɗan Shata, alhali hannuwan da suka yi kiɗan ba mu damu da sunayensu ba.

Sai maganar haƙƙi, wadda ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ɗaga murya a kanta, amma zan ɗaga. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Waƙoƙin Shata ke nan suna da masu su har 2069. A zauna da magada a yi yarjejeniya a rubuce, a buɗe wa yaran situdiyo ƙofa su yanki bugu ko amshi su gina sabon abu a kai, su biya abin da ba zai karya su ba, a raba tsakanin gidan rediyo da iyalan makaɗan. Wanda ke ganin taɓa tsohuwar waƙa rashin kunya ne, ya tuna makaɗan nan ma ɗaukar karin juna suke yi suna sake masa riga.

In da hali kuma, a dawo da ɗaukar kiɗa kai tsaye, ko da awa ɗaya ce a mako. Situdiyonku sun fi na yaran nan faɗi. A haɗa mai gurmi da mai fiyano, mai ƙwarya da ɗan gambara, a bar su su yi ta karo har su fahimci juna. Na farko zai yi muni, na biyu ma haka. Nijar ta gwada irin wannan tun shekarun 1980 da gasar Ɗan Gurmu da makarantar koyon kiɗa ta Yamai. Kada kuma a ce matasa ba sa son tsohon kiɗa. Na yi shekaru ina tura waƙa a memori, kuma sau da yawa yaro mai askin zamani zai gama zaɓen na yayi, ya ɗan rage murya ya ce a ƙara masa Shata da Ɗanƙwairo.

Ni abin da nake da shi kwali 14 ne na kaset a ƙarƙashin gado, uwargida ta gaji da mita a kansu, da dek guda mai aiki. Akwai abubuwa a ciki da mai yiwuwa naku sun riga sun lalace, ko da muryar mai gabatarwa a tsakiya. Daga wurinku aka sato su, duk gidan da ya fara aikin nan zan kawo masa su da kaina a Adaidaita, ba na son ko kwabo.

Dattijon nan kuwa ya sake aiko jikansa ranar Juma'ar da ta wuce. Na ce ya gaya wa Baba ana nan ana dubawa.

Wassalam. Naku,
Tsohon mai sayar da kaset,
Ƙofar Wambai, Kano.